Turanci Ya Tafi Hutu

A rumfar masu kitso ta kasuwar Keffi, ga wata 'yar Ghana ta miƙe ƙafafu kamar kakanta ne ya kafa garin. Rabin kanta a kitse, rabin a tsefe, har yana neman taɓo kwanon rumfa. Allin da ya ƙi fita daga farcenta ya tona ta: malamar Turanci ce, irin wadda makarantun kuɗi ke yi wa ma'aikatan Abuja talla da ita. Da gani tun Litinin take gyaran bakin 'ya'yan mutane.

Sai ga mai makarantar da take koyarwa, wani Haggai, yana haki, yana zuba Turanci kamar famfo ya fashe. Wai iyaye sun kawo yara lesin Asabar.

Ta ɗaga ido ɗaya, ta amsa da Hausarta mai ɗingishi: "Oga, yau Turanci ya tafi hutu."

"To Madam Efua, Litinin kada in gan ki!"

Ta kalli ƙullin gyaɗar da ke hannunta. Garinsu Kumasi fa ba nan kusa ba ne. Amma ta ɓare ɗaya ta jefa baki, ta mayar da kai cinyar mai kitso.

"Jannatu, yi ƙanana. Muna da lokaci."