Ranar da Motar Malam Ta Sha Iska

Kwana biyu kafin mijina ya kwanta ciwon da ya zama ajalinsa, ya cika tankin motarsa. Na san haka ne domin ya shigo gida da warin mai a hannunsa, na miƙa masa sabulu da buta. Malamin gona ne, a Funtua muke zaune, ni kuma ina koyarwa a firamaren unguwarmu. Malam nake ce masa.

Motar fara ce, mai ƙofa huɗu, tana ɗaukarmu mu biyu da yara uku ba matsi. Ba ta shan fetur. Gas take sha, wato man da manyan motoci da tarakta suke sha. Da ya kawo ta abokansa sun yi ta masa tsiya, wai ya sayo injin niƙa ya sa masa taya, saboda ƙararta. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce su je su dawo, tasa motar azumi take yi. Gaskiyarsa ne. Sai ya zaga gonakin Dandume da Mahuta, ya dawo, ya sake fita, allurar mai ba ta motsa wani abin kirki ba. Shi ya koya mini tuƙa ta a filin makaranta lokacin hutu.

Da aka zo rabon gado, motar ta faɗo a kason yara, amma akwai haƙƙin mahaifiyarsa a ciki. Inna tana zaune a wani ƙauye kusa da Gozaki, tana da hawan jini, kuma duk wata Malam yakan je ya ɗauke ta ya kai ta asibiti a Malumfashi, a gwada ta a ba ta magani. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da ya sayi motar ta samu mafita, take ce masa mai motar. Ranar rabon ta aiko ta ce ta bar wa jikokinta nata, abu ɗaya take so, motar ta ci gaba da zuwa ɗaukarta. Na ce na ɗauki wannan.

Lokacin takaba ban fita ba, wani maƙwabcinta ne yake kai ta. Da na gama, na shiga motar ran farko, na murɗa makulli, allura ta tashi ta tsaya can ƙarshe. Cike take, yadda ya bar ta. Na daɗe a zaune ina kallonta.

Ban yanke shawarar komai ba a ranar. Kawai dai na samu kaina ba na son ƙara mai. Makaranta da ƙafa nake zuwa, kasuwa a Keke. Motar ba ta fita sai ranar Inna. In na biyo ta gaban gidan mai sai in ce ai da saura, kuma da sauran. Wata na farko, na biyu, na uku, har na huɗu, man da ya zuba ne yake kai mahaifiyarsa asibiti ya dawo da ita. Ban faɗa wa kowa ba. Ni kaina ban cika tsayawa in kalli abin da nake yi ba.

A tafiya ta biyar, wajen dawowa gida, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama kusa da allurar. Na san ma'anarta. Na ce wata mai zuwa zan zuba kafin in fita. Watan ya zo, ranar Talata, na biyo ta gaban gidan mai, na rage gudu, na ga manyan motoci biyu a layin gas, na wuce. Na ce a Malumfashi na zuba. A raina cewa nake mota ce mai haƙuri, za ta kai.

Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsawo. Na tarar da Inna a shirye a zaure, da katinta a leda.

"Kin makara, Malama," ta ce. "Maganin tun shekaranjiya ya ƙare. Kaina kamar ana daka."

"Ki yi haƙuri, Inna. Yanzu za mu isa."

A asibitin, ranar Talata kaɗai ake ganin masu hawan jini, kuma in rana ta take sun daina karɓar kati. Wanda ya rasa sai wani makon.

Mun bar Gozaki da ɗan nisa motar ta fara shaƙewa. Ta fizga sau biyu, ta saki, ta sake fizga. Na samu na gangara gefen hanya kafin ta mutu. Shiru ya sauka, sai kukan tsuntsaye a cikin masara. A shekarun nan ba wanda yake son tsayawa a hanyar da ba mutane, ko da rana tsaka. Na murɗa makulli, ta yi gurnani ta ƙi. Na sake, na sake.

"Me ya same ta?" in ji Inna.

"Mai ne ya ƙare."

Ta juyo ta dube ni.

Wani magidanci ya zo wucewa a babur da buhun taki a baya. Ya tsaya, muka gaisa, na faɗa masa matsalar.

"Wannan mai sauƙi ne, Hajiya. Akwai masu sayar da fetur a kwalba nan gaba kaɗan."

"Ba fetur take sha ba. Gas."

Ya leƙa motar, ya dube ni. "Gas? Wannan 'yar? Hajiya, ko dai tirela ce aka wanke ta tsuke?"

Inna ta leƙo ta taga. "Kai Malam, in za ka taimaka ka taimaka. Ba ni da lafiya."

"Allah ya ba ki haƙuri, Baba. Allah ya sawwaƙe." Ya sauke buhunsa a gindin motar, ya ce akwai mai injin niƙa a unguwar da ke bayan gonakin nan, ba ya rasa gas. Ya tafi.

Ya dawo da mai injin a bayansa, wani dattijo da gari ya yi wa fari har gira, riƙe da galan da mazurari. Ya zuba man, ya ce in tayar. Ta yi gurnani kamar da, ta ƙi.

"Tsaya, tsaya, kar ki kashe batir," ya ce. "Sau nawa kika murɗa ta bayan ta mutu?"

"Kamar sau biyar. Ko shida."

Ya girgiza kai. "Ai ta sha iska."

"Mu ma tun ɗazu ita muke sha," in ji Inna. "Sai a taso mu tafi."

Mai babur ya yi dariya har ya dafa mota. Dattijon ya yi murmushi, ya bayyana mana. Injin gas ba kamar na fetur ba ne. In aka bar shi ya ƙone mai ƙarƙaf, iska yake zuƙa ta cika hanyar mai, kuma ko an cika tanki ba zai tashi ba sai an fitar da ita. Ya ce injinsa ma haka yake yi masa in ya yi sakaci. Ya buɗe gaban motar, ya ciro sifana daga aljihu, ya sassauta wata 'yar ƙusa a saman matatar mai. Sannan ya kama wani abu baƙi kamar ƙwallon roba ya shiga matsawa.

"Zo ki gani, Hajiya, don gaba."

Na matsa. Da farko iska ce kawai take fita da ɗan tsaki. Sai kumfa. Sai wani mai baƙi-baƙi, mai dauɗa, ya riƙa tsartuwa yana gangarowa ta jikin injin yana ɗiga a ƙasa.

"Kin ga wannan? Tsohon man ne, na gindin tanki. Ya daɗe a ciki. Sai ya fita duka sabon zai samu hanya."

Na tsaya ina kallon yadda ƙasa take shanye shi. Bai fi cikin tafin hannu ba. Dattijon yana ta matsawa yana magana, wai in na samu lokaci a canza matatar, wai mai wannan mota ya iya riƙon inji. Na ja mayafina na rufe rabin fuskata, na ce rana ce.

Da man ya fara fitowa garau, ya ɗaure ƙusar, ya ce in gwada. Ta yi tari, ta girgiza, ta kama da ƙararta da na sani. Baƙin hayaƙi ya fita ta baya ya wuce. Na yi musu godiya, na sallami dattijon, mai babur kuwa ya ce addu'a kawai yake so. Inna ta sa masa albarka, ta haɗa da iyayensa.

Mun ɗan yi tafiya kafin ta yi magana.

"Ba ki ga fitilar ba ne?"

"Na gani, Inna."

"Rashin abin zubawa ne? In shi ne ki faɗa."

"Ba shi ba ne." Na riƙe sitiyari da kyau. "Tun wanda ya zuba ne. Ban ƙara ba."

"Wa?"

"Malam."

Ta juya fuskarta wajen gonaki. Na ga hannunta yana murza bakin ledar katin. Mun wuce wata gada, mun wuce masu cirar ciyawa a gonar waken suya.

"Duk zuwan nan da muke yi?" ta ce.

"Duka."

"To." Can ta ce, "Mai motar bai taɓa bari ta sauka ƙasa da rabi ba. Da yana nan, yau da kin sha faɗa." Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, ta gyara ta da tari. "Taka ta, Malama. Ni da raina nake, kuma kaina yana ciwo."

Na taka ta.

Mun shiga asibitin ana shirin rufe tagar kati. Ma'aikaciyar ta dube mu, ta dubi agogo, ta miƙo hannu. Da aka gwada Inna jinin ya hau sosai, har likita ya ce ba za ta tafi ba sai ta sha magani a nan, ta kwanta awa biyu a sake gwadawa. Ya tambaye ni me ya sa aka bari maganin ya yanke. Na ce laifina ne.

Na zauna a benci kusa da gadonta. Ta rufe ido, na zaci barci take.

"Malama."

"Na'am, Inna."

"Tashi ki je ki zuba mata mai yanzu, kafin a sallame ni. Ba na son tsayawa a layi."

Na ɗauki makulli na fita. Da na dawo an sake gwada ta, jinin ya sauka, tana zaune tana yi wa matar gadon kusa bayanin yadda ake fitar wa mota iska.