Rabon Magen Ladi

A gidanmu na Kademi, ko a tsakiyar bazara ba a kashe murhu da wuri. Idan aka sauke tuwo, Kaka takan ce a bar garwashin, ta ja tabarmarta nesa kaɗan saboda zafi, ta zauna tana kaɗi da ɗan hasken da ya rage. Ni da ƙanena Sale mukan kwanta a gefenta rub da ciki, muna neman sanyin ƙasa wanda babu shi. Kaka ita ta haifi babanmu. Doguwa ce, siririya tun asali, ba ta da yawan dariya, amma ni takan kira ni ƙawarta, kuma duk ranar da ta ga dama takan yi mana tatsuniya.

Zamanin nan ne da ake rufe ƙofofin ganuwar Gaya tun kafin duhu saboda mahara, mu na ƙauye kuwa ba mu da abin kariya sai dangar kara da ƙaya. Amma a shekarar da nake ba da labari ba mahara ne suka ci mu ba. Ruwa ne ya ɗauke tun gero bai yi ƙwari ba, fara kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya tsaya. Babanmu ya ware iri, ya zuba a ƙaramin rumbu, ya liƙe bakinsa da laka. Abin da ya rage shi da kansa yake auna wa innarmu kowace safiya, yana shafe bakin ƙwarya da tafin hannu don kada ƙwaya ɗaya ta yi tozo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana sai garin ɗorawa a dama da ruwa.

Bayan dangarmu akwai Gwaggo Ladi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda kuma ya bi fatake zuwa Borno, har yau ɗin nan ba a ji labarinsa ba. Ita kaɗai take zaune da dabbobinta: jar akuya, kaza wake-wake mai son yin ƙwai a cikin turmi, da wata mage da ta sa wa suna Toka. Kullum bayan magariba sai ta shigo da mazarinta da ɗan audugarta, ta zauna kusa da Kaka.

"Yaya, ina wuni? Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne, Ladi."

"Na yau dai ya wuce misali. Ƙadangare ma bai hau danga ba. Ruwan da na ɗebo da hantsi, kafin azahar ya koma kamar na wankan jego."

"Me kika ɗora yau?"

"Ɗan tuwon dawa da miyar kuka. Daddawa ta so ta yi yawa, amma ya ciwu."

Daga nan sai a shiga zancen kaza: ta sake hawa turmi, an kore ta, ta dawo. Akuya ta cinye igiyar guga. Toka ta kama ɓera ta ajiye mata a kan tabarmar salla. Mu yara ƙosawa muke yi da wannan hira, don sai ta ƙare ake yin tatsuniya. Idan Kaka ta tura mata akushi ta ce bismilla, Gwaggo Ladi sai ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake, ba wurin sawa."

Da zafi ya ƙara tsananta, zancen ya fara raguwa. Wata rana Kaka ta tambayi kaza, Gwaggo Ladi ta ce shaho ya ɗauke ta. Bayan ɗan lokaci aka tambayi akuya, ta ce ta aika da ita garin Balan wurin wani ɗan'uwanta, can akwai sauran harawa. Tuwon dawa da miyar kuka dai kullum ana yin su a bakinta, kuma kullum da la'asar muna jin ƙarar taɓarya daga gidanta. Sai Toka ta fara tsallako danga tana kwana a gindin murhunmu. Sale ya yi murna, ya ce mage ta zaɓe mu. Kaka ta daɗe tana kallon magen. Washegari da la'asar na gan ta tsaye a jikin danga, tana duban sararin saman gidan Gwaggo Ladi. Ana daka, amma babu hayaƙi.

A daren nan Kaka ba ta jira mun roƙe ta ba. Gwaggo Ladi na zaune, babanmu kuma yana ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar fartanya, inda zai ji komai. Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya. Ta ce, "Ga wata nan a bakin ƙofa." Muka ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Ta ce wai a wata shekara mai zafi irin wannan, Kurege da Bushiya raminsu yana kusa da juna. Kurege yana da gyaɗa a ɓoye, ba mai yawa ba. Bushiya ba ta da komai. Kowace yamma Kurege yakan leƙo ya ce, "Bushiya, yaya zafi? Kin ci abinci?" Ita kuwa sai ta dunƙule, ta amsa daga cikin ƙayarta, "Na ci, na ƙoshi." Har takan sami busasshen kara ta riƙa gurgura, don ya ji kamar tana tauna. Kurege yakan ji daɗin amsar, ya koma rami ya ci gyaɗarsa da kwanciyar hankali, tunda ai ya tambaya.

A nan Kaka ta rage murya. "Ran nan ya leƙo ya ce, 'Kin ci?' Iska ta bi ta cikin ƙaya ta yi wani ɗan sauti. Ya ce, 'Madalla.' Gobe ma haka. Jibi ma haka. Yana ta gaida ta, yana ba ta labarin zafi, har ruwan farko ya sauka. Ruwa ya gangaro da ita har bakin raminsa. Ya sa hannu ya juya ta. Ƙaya ce kawai, tururuwa sun daɗe da gama na ciki."

Sale ya fashe da kuka. Ni na ce, "Kaka, to laifin wa ne?"

Ta ce, "Ta ƙare, ƙawata. An kwashe tabarma, a je a kwanta."

Gwaggo Ladi ta yi 'yar dariya, tana naɗe zare. Ta ce, "Bushiyar nan dai ta mutu da mutuncinta." Ta yi sallama ta fita. Ba a fi ƙiftawar ido ba babanmu ya taso ya tsuguna gaban Kaka.

"Iya, na ji. Amma abin da ke rumbun nan ko mu ba lallai ya kai mu shuka ba. Kuma da bakinta take cewa tana ci."

"Na ce maka wani abu ne? Tatsuniya na yi wa yara."

"Idan na fasa rumbun iri, baɗi gaba ɗayanmu za mu bi ta."

"Kada ka fasa."

Ya jima a tsugune, sannan ya tashi. Babanmu ba mugu ba ne. Na ga lokacin da yake ba Sale lomarsa ta ƙarshe yana cewa haƙorinsa ke ciwo.

Daga washegari Kaka ta sauya wurin cin abincinta. Ta ce hayaniyarmu tana hana ta jin daɗin tuwo, a riƙa kai mata ɗaki. Innarmu takan kai, daga baya ta ɗauko akushi a wanke. Da Gwaggo Ladi ta zo hira, aka gama zancen zafi da na rijiyar da ta fara ba da laka, sai Kaka ta jawo wata 'yar ƙwarya a rufe da faifai.

"Ladi, magen nan taki ta dame mu da kuka. Ga ɗan ƙanzo da ragowar yara, ki tafi da ita gida ki ba ta can, ko ma yi barci."

Gwaggo Ladi ta dubi ƙwaryar, ta dubi garwashi. Ta ce, "Toka ba ta da kunya, Yaya. Ku yi haƙuri da ita." Ta saɓi magen a kafaɗa, ta ɗauki ƙwaryar ta fita. Da safe ƙwarya ta dawo da ɗan ƙullin zare a ciki, don ba a mayar da ƙwarya haka nan.

Haka aka ci gaba har ƙarshen bazara. Kowane dare akwai rabon mage. Muryar Gwaggo Ladi ta ɗan dawo, har ta koma ba da labarin yadda Toka take fushi idan miya ba gishiri. Tatsuniyoyin Kaka kuwa suka riƙa gajarta. Takan fara, ta yi shiru a tsakiya, sai mun taɓa ta. Mazari yakan suɓuce mata. Innarmu ta ce, "Iya, ko jikin ne?" Ta ce zafi ne kawai, wa yake da ƙarfi a wannan zafi. Babanmu kullum idan ya dawo daga sharar gona yakan tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Iya, an kawo miki? Kin ci?" Takan ce, "Na ci, Allah ya yi albarka."

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka, da iska mai ƙarfi. Kowa ya fito tsakar gida yana jiƙa, Sale yana tsalle tsirara. Babanmu ya fasa lakar rumbu, aka kwana ana shirin shuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tafasa ta tsiro a bayan gida, aka tsinko aka yi kwaɗo, kowa ya ci. Mu ya zauna mana. Kaka cikinta ya ɓaci, ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Ta rasu gero yana fitowa kamar allura a gonar bayan gari.

Matar da ta yi mata wanka ita ta fito ta kira babanmu gefe. Ban ji duk abin da ta ce ba, na dai ji ta ce, "Wannan ba ciwon kwana uku ba ne, Malam. Babu komai a jikinta." Innarmu ta tsaya da tulu a hannu. Ita ce ta fara ganewa, don ita take kankare tukunya, ta kuma san a shekarar nan ba a taɓa barin ƙanzo ba, yara kuma ba su taɓa rage ko loma ba. Ta ajiye tulun ta shiga ɗaki. Babanmu ya je ya zauna a gindin rumbun da ya fasa, har aka zo aka ce masa ana jiransa a ɗauki gawa.

Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, aka yi damuna masu albarka, ya ƙara rumbuna. Tun daga ranar nan, duk abin da aka dafa a gidanmu sai an zuba na Gwaggo Ladi kafin nasa, kuma da kansa yake tsayawa a bakin danga ya miƙa. Amma ban ƙara jin ya tambayi wani mahaluki ko ya ci abinci ba. Kalmar ta fita daga bakinsa.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan ta rowa ce, Kurege ne mai laifi. Da na yi aure a Ajingi, na ga tawa shekarar yunwa da 'ya'ya a gabana, sai na fara jin tausayinsa, don na san yadda kunne yake son a ce masa an ƙoshi. Daga baya kuma na riƙa jin haushin Bushiya. Abin da ya fi daɗewa yana damuna shi ne, wadda ta zauna ta tsara mana labarin nan, ta san ƙarshensa sarai, ita ce kuma ta shiga ɗaki ta dunƙule, tana amsa wa ɗanta ta bayan asabari. Har yau ban san ko gargaɗi ta yi mana ba, ko kuwa faɗa mana take yi abin da ta riga ta yanke.

Na ga Gwaggo Ladi gani na ƙarshe lokacin da na je Kademi da goyon ɗana na uku. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Na zauna a bakin ɗakinta, ta shafa kan yaron, ta tambaye ni mutanen Ajingi. Can sai ta ce, "Ke ce ƙawar Yaya ko?"

Na ce ni ce.

"Na san ba na mage ba ne. Wa yake ba mage tuwo a shekarar nan? Amma na ɗauka daga tukunya ake ɗiba. Ban san nata ba ne, sai ranar da aka fito da ita." Ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina. "Kowa ya zo sai ya ce mini, da kin sani ai ba za ki karɓa ba. Ni kuma sai in ce haka ne. Ke kaɗai zan faɗa wa. Na yi ta tambayar kaina shekara da shekaru, kuma wallahi ban sani ba. Yunwa nake ji, 'yar nan."

Yaron ya motsa a bayana yana neman nono. Na kwance shi na ba shi, muka zauna ni da ita har aka kira la'asar.