Agwagwar da Ke Jan Wando

"Kin ga agwagwar nan ta cikin waya?"

"Wadda ka jan wando?"

"Ita. To agwagwa da wando ina sunka gamu?"

"Ke dai ba ki san Manu mai jirgi ba, shi ya sa."

A layin masu albasa na kasuwar Bagudo wasu mata biyu suka yi wannan hira, kuma Manu yana bayan rumfarsu yana cin rogo, ya ji komai.

Manu tun yana saurayi yake tuƙa kwale-kwale a bakin ruwan Lolo, yana ƙetarar da mutane da kifi da buhunan shinkafa. Tsayuwa cikin jirgi ta sauya masa tafiya. Ko a tudu yake, sai ya ware ƙafafu yana rangaji dama da hagu, kamar ƙasar ma igiyar ruwa gare ta. Yana kuma da wata ɗabi'a: in ya ɗan taka kaɗan, sai ya sa gwiwar hannu ya ja wandonsa sama, domin tun rasuwar matarsa babu wanda ya kula da tazugensa, shi ma bai kula ba.

Ɗiyar ƙanwarsa, Mansura, ta koyi yin katun a Birnin Kebbi. Ta dawo gida da kwamfuta da niyyar yin ɗan gajeren fim na gargaɗin yara kan wanka a kogi lokacin cikar ruwa. Tauraruwar fim ɗin agwagwa ce mai tafiya da ƙafa biyu kamar mutum, sai dai duk yadda ta zana ta, sulalewa take kamar an ɗora ta a kan sabulu. Malaminta ya ce mata a waya ta ɗauki bidiyon mai rai yana tafiya, ta duba inda nauyin jiki ke sauka.

"Kawu, don Allah taka daga nan zuwa bakin rumbu."

Da Manu ya ga an ɗaga waya sai ya haɗe ƙafafu, ya sauke hannuwa, ya daina ƙiftawa.

"Kawu, ba hoton katin zaɓe ba ne. Tafiya za ka yi."

Ya yi tafiyar, amma irin ta sabon ɗan sanda ranar fareti. Mansura ta haƙura ta ajiye wayar. Sai da akuya ta ja masa hula daga kan tabarma ya bi ta, sannan Mansura ta ɗaga wayar ta samu abin da take so ba da saninsa ba. Daɗi ya kwashe ta, ta bi bidiyon hoto bayan hoto tana kwafewa, ba ta zubar da komai ba. Agwagwa ta fito tana rangaji, tana kuma sa fiffike tana jan wandon da ba ta da shi.

Yara sun ji gargaɗin. Manya kuwa Manu suka gani.

Da a kasuwa abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Manu yana neman auren Salamatu, wata bazawara mai bandar kifi a ƙetaren iyaka, ɓangaren Benin, kuma ita ba ta riga ta ce to ba. Fim ɗin ya riga shi ƙetare ruwa. Ƙannenta sun fara tarbarsa da kukan agwagwa tun daga bakin gaɓa.

"Mansura, mi na yi miki?"

"Kawu, wallahi nauyin ƙafarka kawai nake so. Kuskurena ne. Kamata ya yi in ɗauki tsayuwa uku: inda ka ɗaga ƙafa, inda ka sauke ta, da inda jiki ya karkata. Sauran in zana da kaina."

"To wandon shina cikin ukun?"

"Ba ya ciki."

"Cire shi."

Ta zauna ta sake aikin. Ta rage rangajin, ta ƙara wa jela motsi, ta cire jan wando. Sabuwar agwagwar ta yi kyau, agwagwa ce sosai, babu wanda zai ce ta taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi. Manu ya sa aka tura masa a waya, ya sa rigar Juma'a, ya tuƙa zuwa ƙetare domin ya wanke sunansa.

Ya tarar da Salamatu tana juya kifi a kan ragar banda, hayaƙi ya sa ta kanne ido ɗaya. Ya miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe, ta mayar masa.

"Malam Manu, wagga agwagwar wa ce?"

"Ta gyara ce. An cire abin da ka sa mutane dariya."

"Ni waccan nika kallo in na gama aiki. Wagga ban san ta ba." Ta juya wani kifin. "Da na ga waccan na ce, bawan Allah wanga ba shi da mai sa mishi tazuge. Har na saye. Yanzu tunda an gyara, sai in ba ƙanena."

 Gwiwar hannun Manu ta kai ga wando da kanta. Salamatu ta kau da kai, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ya dawo gida kafin la'asar da tazuge sabo fil a aljihu, da izinin turo manya. Bai ko cire rigar ba ya leƙa ɗakin da Mansura ke aiki.

"Ɗiyata, tsohuwar agwagwar nan, kin goge ta?"

"Tana nan, Kawu."

"To maido ta yadda take, da jan wandon da komi. Kuma ki zana mata abokiyar zama. Ranar kasuwa ki biyo ni jirgi da wayarki, ki ɗauko tafiyar Salamatu, amma don Allah ki bari sai ta manta kina wurin."