Allon da Na Zaɓa wa Surukina

Surukina, mahaifin matata, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana cin abinci da idonsa. A layinsu Mai Kala ake ce masa, har jikokinsa haka suke kiransa a bayan ido. Ya fara ne tun zamanin hoto baƙi da fari, yana zaune a ƙuryar shagon wani mai hoto da ɗan siririn burushi, yana shafa wa kumatun mutane ja, yana mayar da rigunansu shuɗi ko kore yadda suka roƙa. Daga nan ya koma ɗakin wankin hoto. Da bidiyo ya zo, sa'o'insa duk suka naɗe tabarmarsu, shi kuwa ya zauna gaban kwamfuta da furfura a gemu ya koya. Aikinsa shi ne a kawo masa bidiyon da aka ɗauka aka yanka, ya gyara launinsa. Fuskar da ta yi toka-toka ya maido mata da jini, farar rigar da ta koma shuɗi-shuɗi ya mayar da ita fara.

Mutum ne mai wuyar sha'ani a kan launi. Surukata, wadda muke kira Mama, takan ce tun da ya aure ta bai taɓa yaba zaninta ba sai ya haɗa da cewa rinin ya fara gudu. Ɗakin aikinsa da kansa ya yi masa fenti ruwan toka, sau biyu, don na farkon wai ya ɗan karkata zuwa kore. Taga ɗaya ce, ita ma ya rufe da baƙin labule. Zane-zanen awo da manhajar gyaran launi ke nunawa a gefen hoto kuwa, tun ranar farko ya sa aka kawar masa da su, hoto kaɗai yake so ya cika sikirin. In ka tambaye shi dalili sai ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Abin da ya tsana a sabon zamani shi ne maus, linzamin kwamfuta. "Yatsu goma Allah ya ba ni," in ji shi, "wannan abu ya ce da ɗaya zan yi aiki." Wata rana ya ga allon gyaran launi a wurin wani abokin sana'a, mai ƙwallaye uku a jere da zobba kewaye da su. Ƙwallo ɗaya na duhun hoto, ɗaya na tsakiya, ɗaya na haske, kana murza su da hannu biyu, idonka bai bar hoton ba. Ya dawo gida ya yi ta zancen allon har Mama ta ce ko dai a nemo masa a huta.

Nan na shigo. Ni caja da rigar waya nake sayarwa, nakan kuma zuba wa waya manhaja in ta rikice. Amma a gidan surukaina Injiniya ake ce mini, kuma ban taɓa cewa a daina ba, don yana mini daɗi. Baba ya kira ni ya ce, "Injiniya, kai ka san kan waɗannan abubuwa. Ka zaɓo mini mai kyau." Na ce an gama. Ban tambayi abokin sana'arsa ba, kar a ce Injiniya na tambaya. Na zaɓo wani na hannu, mafi girma, mafi yawan maɓallai da fitilu, na ɗauka duk allo allo ne. Ashe ba kowane allo ke jituwa da kowace manhaja ba. Wanda na kawo an ƙera shi ne don wata dabam, kuma an rubuta hakan a jikin kwalin, da ƙananan haruffan da ban karanta ba sai da na riga na ajiye shi a kan teburin Baba.

Ranar Asabar ce da hantsi, gida ya cika. Mama na bakin ƙofa, matata na bayana tana wa ƙannenta fari da ido, wato ku ga mijina. Na soka kebul, fitilu suka kama, kowa ya ce masha Allah. Baba ya wanke hannu ya goge, ya zauna, ya ɗora yatsunsa a kan ƙwallon tsakiya ya murza. Hoton bai motsa ba. Ina tsaye a gefensa, maus na ƙarƙashin tafina, na kuma san maɓallin da ke ɗumama hoto. Da ya sake murzawa sai na taɓa. Fuskar da ke sikirin ta yi ja kaɗan. Baba ya yi dariya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, "Kun gani? Haka hannu yake so."

Kafin in tafi na ƙara da cewa, "Baba, na saita shi a hankali ne, irin na ƙwararru. Kaɗan-kaɗan yake motsi, sai mai ido yake gani." Niyyata in samo hanyar haɗa su cikin kwana biyu, kowa bai sani ba. Na sauke abin saukewa daga intanet, na sauya kebul uku, na karanta abin da ban gane ba. Allon ya ƙi. Na ce mako mai zuwa zan faɗa masa, makon ya zo ya wuce.

Bayan kamar wata guda na je gaishe su, sai ya ja ni ɗakin aiki ya tura ƙofa. Ya sa hoton wata mata sanye da jan mayafi, ya murza ƙwallon hagu a hankali, ya juyo.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, kana ganin ya sauya?"

Ƙofa ce Allah ya buɗe mini, kalma ɗaya ta isa. Amma na tuna matata da ƙannenta, na tuna sunan nan da ake kirana da shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya sauya, Baba. Ga shi nan a gefen mayafin."

Ya daɗe yana duban gefen mayafin. Daga baya ya ce, "To. Madalla." Ya kashe sikirin ya raka ni har bakin titi, abin da bai saba ba.

Sauran labarin a bakin matata na riƙa jin sa, guntu-guntu. Baba ya je asibitin ido, likita ya ce idonsa ƙalau don shekarunsa, shi kuwa ya dawo yana cewa likita haruffa yake gwadawa, ba launi ba. Ya koma kan maus, a nan yana ganin sauyi, amma hakan bai kwantar masa da hankali ba. Ya ce wa Mama manyan sauye-sauyen yake gani, ƙananan sun ɓace masa, kuma sana'ar duk a ƙananan take. Wata mai ɗinki da ta shekara shida tana kawo masa bidiyon tallar kayanta ta zo, ya mayar mata da aikinta, ya kwatanta mata shagon wani. Ya ce ba zai karɓi amanar launin mutane da idon da ba ya gaya masa gaskiya ba. Daga ita sai ya sallami na biyu, sai na uku. Ya fara zama a kan benci a ƙofar gida, yana kallon motoci.

Ni kuwa na daina zuwa gidan sai dole. Kunya nake ji, ba irin ta suruki da ake yabo ba, kunyar wanda ya san abin da ya aikata. Ran da matata ta ce mini Baba ya tambayi Mama ko zaninta kore ne ko shuɗi, wai don ya tabbatar, ban iya buɗe shago ba. Na je wurin abokin sana'ar nan nasa na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Minti biyar bai cika ba ya rubuta mini sunan allon da ke tafiya da manhajar Baba, da ɗan abin da ake sakawa a kwamfuta don su gane juna. Ƙarami ne, ba shi da ko rabin fitilun wancan.

Na kai shi da kaina, na haɗa, na gwada sau goma. Sannan na fita na durƙusa gaban bencin na faɗi komai. Na ce allon farko bai taɓa aiki ba, ni na taɓa maus ranar Asabar ɗin, kuma mayafin bai sauya ba, ƙarya na yi. Na ce idonsa gaskiya ya gaya masa, ni ne ban gaya masa ba. Ina magana ina jiran ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya saurara har na gama, ya yi murmushi. "Mamanku ce ta sa ka, ko matarka?"

"Ba wanda ya sa ni, Baba. Ka zo ka gwada."

Ya tashi don kar ya ba ni kunya. Ya zauna, ya ɗora yatsa ɗaya a kan ƙwallon tsakiya ya ɗan tura. Hoton ya ɗumama nan take. Ya mayar, hoton ya koma. Na ga yatsunsa na hagu sun ɗago za su hau, sai ya janye su ya ɗora a cinya.

"Na gani," ya ce. "Ka ƙara masa ƙarfi saboda ni, yadda ake ɗaga wa kurma murya. Allah ya yi maka albarka. Amma ɗana, wanda sai an ɗaga masa murya ba ya gyara wa mutane sauti."

Na rantse, na ɗauko tsohon kwalin na nuna masa ƙananan haruffan. Bai ko karɓa ba. Ya dafa kafaɗata muka fito tare, ya tarar da maƙwabcinsa tela a kan bencin. Ya ce masa, "Ka ga wannan yaro? Cewa ya yi shi maƙaryaci ne, don kawai ya rufa wa tsoho asiri. A zamanin nan ina za ka samu suruki irinsa?"

Tela ya miƙo mini hannu yana sa albarka, ni kuma na karɓa.