Ƙara, Kawu

A zauren makaranta ana wasan waƙa da barkwanci, wanda 'yan unguwa suka fara bana don biya wa ɗalibai kuɗin karatu. Wata doguwar mata mai tabon ƙuna a hannu tana zagayawa da farantin gudummawa. Kowa tana yi masa murmushi, ban da wani dattijo mai agogon zinare. Ya saka nasa, amma tana tsaye a kansa ƙyam.

"Ƙara, Kawu," in ji ta, yadda kowa zai ji. "Ba kai ka ce karatun marainiya asara ne ba?"

Da alama ita ce marainiyar, kuma ita ta haɗa wasan. Kawu na laluben aljihu.