Shekarar da 'Yar Gil-su Ta Zo

A ƙauyenmu, a gabashin tsibirin Jeju, duk wanda ya girme ka samchun ne, mace ko namiji, ɗan'uwa ko bare. Amma in aka ce Samchun na bakin hanya, Bu Man-ho ake nufi, don gidansa ne na ƙarshe kafin a shiga gonakin karas. Dogo ne siriri, kunnensa na hagu ba ya ji tun ranar da doki ya harbe shi yana saurayi. Kiwon dawakin mutane ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya taɓa aure, matar ta yi shekara huɗu ta koma garinsu a tsallaken teku, ba su haihu ba. Ni maƙwabciyarsa ce, sunana Yong-sil. Katangar baƙin dutse guda ce tsakaninmu, in na yi miyar ciyawar teku sai in miƙa masa ta samanta.

Bai san iyayensa ba. Yana ɗan shekara biyu aka ƙone ƙauyukan gindin dutsen Halla, a tashin hankalin nan da tsofaffinmu suka yi shekara hamsin ba sa zancensa. Ba a ga gawar ubansa ba, ba a ga ta uwarsa ba. Wata 'yar nutso ce ta tsince shi, cikin matanmu masu shiga teku da numfashinsu kawai su ɗebo katantanwa. Tana da nata ɗan, Hyun Gil-su, sai ta haɗa su a kwano ɗaya da bargo ɗaya. Daga baya wani dattijo ya shaida cewa yaron ɗan gidan Bu ne, saboda haka ba a taɓa rubuta shi cikin zuriyar Hyun ba. Uwa yake ce mata, amma a takarda ba komai ba ne a wurinta.

Gil-su yana da shekara ashirin da shida ya ɓuya cikin jirgin masunta ya tsallaka Osaka, ya samu aiki a masana'antar takalma. Bayan shekara uku uwar ta mutu. Ba shi da takardun da zai zo ya koma, don haka Man-ho ne ya binne ta a tsakiyar wata gona, ya ɗauko duwatsu da bayansa ya kewaye kabarin da katanga.

Mu nan, in kaka ta kama, ranar ɗaya ga watan takwas na lissafin wata, kowa fita yake ya yanke ciyawar kaburburan iyayensa. Jirage cika suke da 'yan tsibirin da ke zaune a wasu wurare. Tun da safe ba ka jin komai sai ƙarar injin yankan ciyawa, dangi ashirin-ashirin, talatin-talatin. Man-ho shi kaɗai yake tafiya da laujensa. Shekara arba'in da bakwai yana yi. In ya dawo da yamma sai wayarsa ta yi ƙara, kuma da yake ihu yake in yana waya, duk muna ji.

"Ka yanka?" in ji Gil-su daga Osaka.

"A'a, na ajiye maka. Ka zo da hannuwanka masu laushi."

"Kurman banza."

"Ɗan gudun hijira."

Sai su yi ta dariya har tari ya sarƙe su. Gil-su ya zo sau biyu bayan ya samu takardu, daga nan ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ban san wani mutum da yake kiran Man-ho a waya ba in ba shi ba.

A bazarar da Man-ho ya cika saba'in da shida wasiƙa ta zo da Japananci. Ni ya kawo wa, don na yi shekara tara ina aiki a otal a birni, na tsinci yaren a bakin baƙi. 'Yar Gil-su ce ta rubuto, sunanta Kaori. Ta ce babanta ya rasu, kuma tana so ta zo lokacin yankan ciyawa. Da na gama karantawa ya karɓi takardar ya ninke ta yadda take, ya ce, "To ai sai a gyara ƙofar bayan gida." Ya tafi. Kwana biyu ban ga hayaƙi a gidansa ba.

Ni na ɗauko ta daga filin jirgi. Shekarunta arba'in da uku, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta taɓa taka tsibirin ba, kuma yarenmu bai wuce gaisuwa a bakinta ba. A hanya ta yi ta kallon gonaki da furensu fari, da lemon da bai nuna ba tukuna. Na koya mata ta ce samchun. Muka same shi tsaye a bakin hanya cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita. Ta sunkuya ta gaishe shi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo wurina.

"Kunnuwan uban ta ɗebo. Baiwar Allah, ba ta yi sa'a ba."

"In fassara?"

"Fassara mana. Ai tana da madubi."

Na fassara. Ta kama kunnuwanta tana dariya, dariyar ta juye kuka. Shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya shiga gida ya fito da busasshen kifin da ya saya tun sati guda.

Washegari muka tafi mu uku. Kabarin yana tsakiyar gonar wani mutum, karas ya fara tsirowa kewaye da shi. Ciyawa ta kai ƙugu a cikin katangar. Ya ba Kaori safar hannu da ƙaramin lauje, ya nuna mata yadda ake kama ciyawar da hagu a ja da dama, kuma ba a taka kan tudun. Bai yarda inji ya shiga wurin ba, wai tsohuwar ba ta son hayaniya. Daga gonakin maƙwabta muna jin dangi suna kiran juna, ana raba abinci. Kafin rana ta take hannun Kaori ya yi bororo, amma ba ta ajiye laujen ba. Da wurin ya fito fes ya shimfiɗa tabarma, ya jera kifi da wainar shinkafa da lemo uku, ya zuba barasa a ɗan kofi. Ya durƙusa sau biyu, goshi a ƙasa.

"Uwa, ga jikarki. Ba ta jin yarenmu, amma tana da hannun aiki."

Muna cikin cin abin da ya rage Kaori ta ajiye sandunan cin abincinta ta fara magana, idonta a ƙasa. Ta ce babanta ya bar wasiyya: yana so a tono ƙasusuwan uwarsa a ƙone, a kai tokar Osaka a ajiye kusa da tasa. Ya ce ya bar ta da rai, bai binne ta ba, ba ya so su ƙara rabuwa.

Na ƙi fassarawa.

"Yong-sil," in ji Man-ho, "kunnena ne ya mutu, ba idona ba. Me ta ce?"

Na faɗa masa. Ya ɗauki lemo ya ɓare, ya jera ɓawon a kan gwiwarsa, bai ci ba.

"Shi ne ɗanta," ya ce. Can kuma ya ce, "Tambaye ta, ya ambaci sunana?"

Kaori ta buɗe jakarta ta fito da takardar. Rubutun Gil-su ne, layin ƙarshe da yarenmu. Man-ho ya karanta da kansa: a tambayi Man-ho, in ya ƙi a bar ta inda take.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Ya mutu ma sai da ya bar mini aikin."

Bai ba da amsa a ranar ba. Kaori za ta koma jibi, sai guguwa ta taso daga kudu aka dakatar da jirage, ta ƙara kwana uku a ɗakina. Ranar da iska ta lafa ya zo ya ce ta sa takalmi. Ya kai mu bakin teku, ya nuna mata dutsen da kakarta take ajiye tufafinta, da lungun da 'yan nutso suke hura wuta su ji ɗumi. Ya ba ta labarin ranar da shi da Gil-su suka sace kwandon katantanwarta suka sayar, ta bi su da igiya har gindin tudu, ta fi dukan Gil-su saboda shi ne babba da wata biyar. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, har na gaji da fassara.

A hanyar dawowa ya ratse da mu ta wata gona. Akwai wani kabari a can, ƙaya ta rufe shi, wata bishiya ta fito ta tsakiyarsa, an kafa ɗan allo ana cigiyar masu shi. Ya tsaya a gabansa.

"Wannan na san jikokinsa. Suna Seoul." Ya juyo wurina. "In na mutu wa zai yanka mata?"

"Ni zan yanka, Samchun."

"Ke? Furen da ke ƙofar gidanki ma ƙishirwa ce ta kashe shi."

"Da gaske nake."

"Na sani. Kina da naki kaburbura guda shida, kuma gwiwarki ta fara ƙara." Ya nuna Kaori da haɓa. "Gaya mata ta ɗauke ta. Amma ni zan tsince ƙasusuwan, ba 'yan kwangila ba."

Sai da aka jira watan ƙari, wanda ake taɓa kabari a cikinsa ba tare da tsoro ba, ya faɗo a farkon bazara. Kaori ta dawo da mijinta. Ma'aikata suka haƙa, da suka kai ƙasa Man-ho ya sauka da kansa, ya riƙa ɗaukowa ɗaya-ɗaya yana naɗewa a farar takarda, daga ƙafa zuwa kai. Ya sami ɗan abin toshe kunnenta na nutso da aka binne ta da shi, ya goge ya ba Kaori. Kafin wata ya fita mai gonar ya kwashe duwatsun katangar ya nome wurin.

Kaori ta nace sai ya zo Osaka. Ta aiko da tikiti, ni na raka shi aka yi masa fasfo. Bai taɓa hawa jirgin sama ba. Ya tafi a ƙarshen kaka, kwana huɗu, na je ɗauko shi. Ya shiga mota ya ɗora jakarsa a cinya, sai da muka fita birni ya buɗe baki.

"Bene ne, hawa na uku. Kati ake sawa, sai wata ƙofa ta buɗe, inji ya kawo tokarsu gabanka, Gil-su da uwar. Akwai tsabta. Akwai fure."

"Ka yi musu magana?"

"Akwai mutane a bayana suna jiran layi." Ya gyara jakar. "Yarinyar ta kula da ni. Har miya ta yi mini irin tamu, ta cika gishiri. Gil-su ne ya koya mata, shi ma haka yake ɓata abinci."

Muka ci gaba da tafiya. Saura kamar tafiyar rabin awa a ƙasa mu isa ƙauye ya ce in tsaya. Na ce ga iska, ga jaka. Ya ce kwana huɗu yana zaune a mota da jirgi, ƙafafunsa sun sage. Ya bar mini jakar ya sauka. Na ja motar a hankali ina ganinsa a madubi, yana tafe a gefen titi da kwat ɗinsa, hannu biyu a baya.

Yana nan har yanzu, ya shiga saba'in da tara. Ya fara zuwa zauren tsofaffi cin abincin rana ranar Talata da Juma'a, abin da da ba ya yi. Kusa da ƙofa yake zama, ya juya musu kunnen da ba ya ji, in ya gama ya wanke kwanonsa ya fito.