Mai Ɗinkin Kundi da Yayansa Majemi

Shagonsa yana daura da ƙofar jami'a, ɗaki ɗaya mai warin gam. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ciki yana ɗinka kundin digiri, yana sa masa baƙin bango. Ɗalibai Baba suke ce masa. Aji huɗu ya yi a firamare, amma yakan ce ya fi kowane farfesa digiri, tun da dai dukkansu ta hannunsa suka bi.

Yana da wata ɗabi'a da matarsa ta gaji da yi masa faɗa a kanta: kafin gam ya bushe, sai ya buɗe aikin mutane ya karanta.

Wata rana wata ɗaliba ta kawo nata, tana sauri. Kan sana'ar jima ta yi rubutu, wato gyaran fata. Baba ɗan majemi ne, a cikin warin fata ya tashi kafin ya gudo ya koyi ɗinkin littafi. A shafi na tara ya ga ta rubuta cewa sana'ar ta mutu a garin, babu sauran mai yin ta da hannu. Ya cire tabarau, ya ajiye takardun gefe.

Da ta dawo karɓa, ta tarar bai ɗinka ba.

"'Yata, wa ya gaya miki ta mutu?"

"A littafi na gani, Baba. Littattafai uku ma."

"To, yayana yana bayan kasuwa. Har yanzu hannunsa na cikin ruwan jima."

Ranta ya ɓaci. Ta ce ɗinki ta kawo, ba gyara ba, ta kwashi takardunta ta fita. Matarsa ta ce ga irinta nan, ya kori mai kawo aiki da bakinsa. Abin ya tsaya masa, don shi kansa ya fi shekara bai taka majemar yayan nasa ba. Tun yana saurayi yake jin kunyar warin.

Bayan kwana shida sai ga ta, ita da malaminta, wani dattijo mai sanyin magana. Malamin ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Mu muka koya mata ta fara tambayar littafi kafin mutane. Ka kai mu wurin yayanka."

Yayan ya tsufa ƙwarai, ga tari. Ya dubi baƙin, ya dubi ƙanensa.

"Yau kuma hancinka ya warke?"

Aka yi dariya, ban da Baba.

Ɗalibar ta jinkirta kammala karatunta da zango guda. Kullum tana zuwa da rikoda, tsohon yana nuna mata yadda ake jiƙa fata, a kankare gashi, a gane ta nuna da taɓawar yatsa kawai. Baba yakan rufe shago ya raka ta, wai don kada ta ɓata. A can ya riƙa zama kan turmi yana jin yayan na maimaita abubuwan da mahaifinsu ya faɗa, waɗanda shi bai tsaya ya saurara ba.

Wata biyar bayan haka yayan ya rasu. 'Ya'yansa duk direbobi ne, aka rufe majemar.

Muryarsa da ɗalibar ta ɗauka, ta awa goma sha ɗaya, tana ɗakin karatu na jami'a. Malamin ya sa aka yi wa Baba katin shiga. Ran da ya je, ma'aikaciyar wurin ta zaunar da shi, ta sa masa abin saurare a kunne. Ya ji yayansa ya yi tari, ya ce wa yarinyar ta matso kada ta tsaya kamar baƙuwa. Baba ya saurari minti ashirin, ya cire, ya yi wa matar godiya. Ta tambaye shi ko zai dawo. Ya ce sai ya zo da jikokin marigayin, ranar da babu makaranta.